Kar ka ƙara yi mata fomat

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun azahar, ina kan wata firinta ne shi yasa sai yanzu bayan isha'i na samu zama. Kace kwamfutar tebur ɗin mai shagon buga takardu na garinku ce, ana cikin aiki sai ta watso shuɗin allon nan ta mutu ta sake tashi da kanta, kayi mata fomat har sau biyu ka zuba sabon Windows 10 amma kwana biyu uku abin ya dawo, shine kake cewa Oga ko kawai in ce masa bod, wato babban faifan da komai ke jone a kansa, ya tafi ya sayi wani.

A'a, kar ka faɗa masa haka. Baka gwada bod ɗin ba, baka ga laifinsa da idonka ba, in bawan Allahn nan ya haɗa kuɗi aka je Kano aka sayo wani bod aka ɗora kuma shuɗin ya dawo, da wane ido zaka kalle shi? Kuma a gari irin naku kafin la'asar kowa ya ji. Fomat ɗin ma ya isa haka dan Allah, wanda kayi sau biyun nan ai ya riga ya baka amsa, tunda an share komai an zuba sabo ciwon bai tafi ba toh galibi ba a Windows yake ba, a ƙarfen yake, ko kuma wani direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wata na'ura, da kake sake zuba mata da hannunka duk bayan fomat baka sani ba.

Abin da ya ɗan ɓata min rai, duk tsawon saƙonka baka faɗa min me allon ya rubuta ba. Shuɗin nan da kake gani Windows ce ta ga abu ya lalace a can cikinta ta tsayar da komai dan kar ta ɓata kayan mutane, kuma kafin ta mutu tana faɗar dalili, can ƙasa kusa da hoton QR ɗin akwai wasu kalmomi da manyan baƙaƙe. Nasan zaka ce tana saurin tashi baka samun karantawa. Danna maɓallin Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sai Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart, daga nan zata tsaya cak sai ka ɗauki hoto da wayarka. Na baya kuma wataƙila suna nan a C:\Windows\Minidump, waɗanda suka faru tun fomat na ƙarshe, ƙaramar manhajar nan BlueScreenView da ke filas ɗin da na baka zata jero maka su.

In suna ɗaya ne ke ta dawowa, kuma akwai fayil mai ƙarewa da .sys a tare da shi, toh direba ne, ka nemo na wace na'ura ce ka cire shi ka sa na asali. Kar ka raina direba, a watan Yuli 2024 sabuntawa ɗaya tak ta kamfanin CrowdStrike ta jefa kwamfutoci wajen miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, har jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai. Amma in yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, jibi IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, wato kullum da kalar ƙaryar da take yi, ni a aikina ram, wato ƴar sandar nan da ke riƙe aikin da kwamfuta ke cikin yi, nake fara kamawa, sai wuta, sai zafi. KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ko CRITICAL_PROCESS_DIED yafi karkata wajen diski ko wayarsa. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa ƙarfe ne ke kuka da kansa.

Kafin ka taɓa komai kwashe masa takardunsa da hotunan fasfo na mutane ka zuba a wani waje, amana ce.

Sai ka zare wuta gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka sannan ka kai hannu ciki. Zare ram ɗin, ka riƙe shi ta gefe, ka kalli haƙoran nan masu ruwan zinare a hasken rana, sau da yawa zaka ga sun dushe kamar tsohon kwabo. Samu abin goge fensir na ƴan makaranta, farin mai laushi, ka goge su a hankali gaba da baya har su yi ƙyalli, ka kaɗe ɓurɓushin, ramin da yake zama shima ka bi shi da busasshen burushi. Maida shi sai kaji ƙas ta duka gefen biyu. In guda biyu ne a ciki kar ka maida su tare, sa ɗaya a yi aiki da shi yini guda, gobe ka canza ɗayan, in ya zama dole ka canza rami ma. Ka kunna MemTest86, manhajar gwada ram, daga filas ka barshi ya zagaya sau 4, ko da zai cinye yamma ɗaya, jan layi ko ɗaya ya fito toh magana ta ƙare. Nasan kana ganin ɓata lokaci ne da man janareta, amma abu ɗaya ake canzawa a jira a gani, in ka goge ram ka canza waya ka canza fawa fak, wato akwatin da ke raba mata wuta, duk a zama ɗaya ta daina, gobe aka kawo maka irinta baka san wanne ne ya yi maganin ba.

Tunda ka buɗe ta, haska ƙarƙashin fankar firoseso, wato ɗan ƙarfen da ke yi mata lissafi. Ƙurar hunturun da ta wuce tana nan ta daskare tsakanin haƙarƙarin ƙarfen kamar an shimfiɗa bargo, fanka na juyawa amma iska bata ratsawa, ga shi mun shiga bazara, shago rufin kwano. Fitar da ita waje ka hure da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da kima, ka goge tsohon man da ke tsakanin firoseso da ƙarfen fankar wanda ya bushe ya zama kamar alli ka ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa a tsakiya. HWMonitor zai nuna maka zafin, in tana aiki kaga yana taɓa digiri 90 akwai matsala. Duk da dai zafi yafi sa ta yin nauyi ko ta mutu ɗif ba tare da shuɗi ba, amma yana kawo shi.

Yanzu ga inda zuciyata tafi kwanciya, wuta. Je ka zauna da mai shagon ka tambaye shi, a wane lokaci take yi? Da wutar gari ko sai an tada janareta? Me aka kunna lokacin? Na taɓa shan wuya da wata irinta a wani ƙauye ta hanyar Kazaure, sau uku ana kawo min ita nan Dambatta, a shagona ta wuni lafiya lau, a maida ita ta fara. Ranar na hau mashin na bi ta da kaina, na zauna kan benci ina kallo, yaron shagon ya danna fotokwafi sai naji kukan janaretan ya canza ya yi ƙasa kamar an shaƙe shi, ƙwan fitila ya dushe, ina juyowa allo ya yi shuɗi. Injin fotokwafi in zai gasa tawada wuta yake ja sosai, ga su duk a jone kan soket ɗaya da ya sha zafi har bakinsa ya narke, fawa fak ɗin kuma dama ya gaji. Muka raba musu layi, muka canza fawa fak, ya sayi ƙaramin UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wuta, shikenan ban ƙara jin ta ba.

Dan haka ɗauki mitarka ka auna tana kunne tana aiki. A filogin nan mai rami huɗu da ke fitowa daga fawa fak, ruwan ɗorawa da baƙi ya baka 12, ja da baƙi ya baka 5. In na 12 ɗin ya sauka ƙasa da 11.4 ko kaga yana rawa duk sanda aka ɗora mata aiki, fawa fak ne. Mita ma bata kama komai, mafi sauƙi ka ari lafiyayye ka jona a wuni da shi. Kuma ina roƙonka kar ka kwance cikin fawa fak, manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta ko an zare shi daga bango, ba wajen koyo bane.

Diski kuma CrystalDiskInfo zai faɗa maka cikin minti ɗaya, in ya nuna Caution a nemi wani tun kafin ya tafi da kayan mutane, wayar SATA ɗin da ke haɗa shi da bod ma canza ta, bata da tsada. Bod shine na ƙarshe, sai duk waɗannan sun fita lafiya, ko kuma ka ga kafasitocin da ke kewaye da firoseso kansu ya kumbura ko suna fitar da wani abu kamar tsatsa, a nan ne zaka kira mai shagon ka nuna masa da yatsa.

Gobe in Allah ya kaimu turo min hoton allon ko da guda biyu ne, da amsar da ya baka kan janaretan. In zaka shigo cin kasuwa ranar Lahadi ka taho da ram ɗin da fawa fak ɗin a leda, akwai lafiyayyu a nan da zan baka aro ka gwada. Ka gaida Baba da mutanen gida.