Amsa ga mai tambayar ƙaramar tirelar kwana: ka fara da sikeli kafin ka biya kuɗi

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, cewa kana son sayen ƙaramar tirelar kwana, irin 'yar ɗakin nan da ake maƙalawa a bayan mota, kai da maiɗakinka da yara biyu, kana tambaya ko motarka za ta iya ja, da kuma me ya kamata ka sani kafin ka zuba kuɗinka. Na so in amsa a take sai barci ya ci ƙarfina. Shekara bakwai ke nan ina jan irinta, tawa 'yar mitsitsiya ce mai aksil ɗaya, wato ƙarfen da tayoyi ke jikinsa, gado da 'yar kusurwar girki da kabad, shikenan, ko banɗaki babu. Duk abin da zan faɗa maka wuya ce ta koya min.

Na ga wani ya ce maka wai indai injin motar na da ƙarfi an gama magana. Don Allah kar ka hau wannan. Ja ai kowace mota za ta ja, tsayawa da riƙe hanya su ne matsalar. Ka buɗe littafin motarka ka nemo lamba biyu, nauyin da aka yarda ta ja da kuma nauyin da ƙwallon ƙarfen nan na baya, inda ake maƙala tirelar, zai iya ɗauka a kansa. Sai ka je jikin tirelar, akwai ɗan faranti da aka rubuta nauyinta fanko da kuma iyakar nauyinta in an yi lodi. Mai sayarwa na fankon zai yi ta nanata maka saboda shi ne mai daɗin ji, kai kuma na biyun ne naka, don ba fanko za ka ja ta ba. Lissafa ka gani, ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, tankin lita 40 kilo 40 ke nan tun ba a sa ko tsinke ba, batir na gargajiya, irin mai dalma da asid, mai amp 100 yana kai kilo 25 zuwa 30, ga tukunyar gas, ga katifa da barguna da kujeru da tukwane, ga tarkacen yara wanda shi kam ba ya ƙarewa. Kuma nauyin da hancin tirelar, wato ƙarfen gabanta da ke hawa kan ƙwallon, ya ɗora wa bayan mota yana cikin lissafin lodin motar ne, tare da ku huɗu da abin da ke but. Mutane da yawa nan suke faɗawa.

To amma abin da ya kusa kai ni lahira ba yawan kayan ba ne, wurin da na ajiye su ne. Tafiyarmu ta biyu na ɗaura kekunan yara biyu a can bayan tirelar, na kuma jera jarkokin ruwa a ƙarƙashin gado wanda shi ma a baya yake, har ina jin daɗi wai hancin ya yi sakayau, da hannu ɗaya na ɗaga na ɗora. Muna cikin gangare wata babbar mota ta wuce mu fuuu, sai na ji kamar wani ya kama bayan motar yana girgizawa, na kalli madubi na ga tirelar na kaɗa wutsiya, ta leƙo dama ta leƙo hagu kuma kowane lilo ya fi na baya faɗi, maiɗakina sai salati take, yaran sun yi tsit. Ƙafata har ta kai kan birki na tuna abin da wani dattijo ya taɓa gaya min a wurin zango, na fasa taka birkin, ban kuma taka totur ba, na riƙe sitiyari cak ban biye mata ba, a hankali gudun ya ragu ta dawo ta miƙe. Da na samu wuri na faka sai da na yi minti goma zaune hannuna na karkarwa. Nan a gefen titi muka sauke komai muka sake lodi.

Ƙa'idar ita ce kaya masu nauyi ƙasa, kusa da aksil ko ɗan gabansa, masu sauƙi su ne na kabad ɗin sama. Hanci dole ya yi nauyi. A Amurka suna cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ya sauka a kan ƙwallon, a Turai kuwa 5 zuwa 7 suka fi bi saboda ƙirar tirelolinsu daban ce, kai dai ka bi na kamfanin taka kuma kar ka wuce lambar da motarka ta yarda. Aunawa ba wuya, sikelin da ake hawa a gida da guntun katako mai tsawon da zai sa hancin ya tsaya daidai tsayin ƙwallon, ka kafa a ƙasa mai lebur, ka sa waigi a taya, ka karanta. Ni yanzu duk tafiya sai na auna, yara har dariya suke min.

Batun birki ma ka duba. A Turai duk wadda ta wuce kilo 750 dole ta zo da birkinta, wasu ƙasashen iyakarsu daban, haka maganar lasisi da gudun da aka yarda wa mai jan tirela, sai ka duba dokar inda kake. Girman ƙwallon ma ba ɗaya ba ne, akwai milimita 50 akwai inci 2, a ido kamar ɗaya suke amma kar ka haɗa wannan da bakin wancan. In mai sarƙa biyu ce ka gitta su a ƙarƙashin hancin, ko da ta zare sai ta faɗa kansu maimakon ta caki kwalta.

Ribas kuwa, hmm. Zai ba ka kunya a gaban jama'a, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Ƙaramar tirela ta fi babba taurin kai a ribas saboda gajarta, kana ɗan murza sitiyari ta karye ta naɗe. Dabarar ita ce ka sa hannu a ƙasan sitiyari, inda kake so bayanta ya nufa nan za ka tura hannun, kaɗan kaɗan, in ta fara karyewa kar ka yi gardama da ita, ja gaba ka miƙe ka sake. Ka samu fili ranar da ba kowa ka jera robobin ruwa ka yi ta gwaji. Kuma ku yi yarjejeniya da madam kan alamun hannu tun a gida, don “juya can” da “a'a ɗaya can ɗin” sun haɗa mu faɗan da sai da aka kwana ba a magana. In ba ka ganin madam a madubi ka tsaya, ko ita ko yaran.

Taya da boris su ne ke ajiye mutum a daji. Tayar tirela ba ta cika cinyewa ba, tsufa take yi a tsaye, za ka ga zanenta rangaɗau alhali gefen duk ya tsattsage. Akwai lamba huɗu a jikinta, in ka ga 2319 to sati na 23 na shekarar 2019 aka yi ta, ni in ta haura shekara biyar zuwa shida canzawa nake ko da kyanta. Duk inda muka tsaya shan mai sai na zagaya na kai bayan hannu kusa da cibiyar tayar, ɗumi ba komai, in ta yi zafin da ba ta taɓuwa to boris na neman giris ko birki na kamawa. In an kwance taya an mayar, bayan kamar kilomita 50 ka sake bin notina da sufana. Ka kuma gwada tun a gida ko jak ɗinka da sufanar motarka suna yi wa tirelar, nawa ba su yi ba, a gefen hanya na gano.

Man mota zai ƙaru, wannan ba makawa, iska ce ke cinye shi fiye da nauyi, shi ya sa rage gudu kaɗan ke sauƙaƙa abin. Tafiyar da ka saba yi a awa huɗu ka ba ta biyar da rabi.

In kun isa wurin zango, kuma don Allah ku isa da sauran rana, abu na farko waigi a taya kafin ka zare ta daga mota. Na taɓa mantawa a wurin da na rantse lebur ne, ina zarewa ta fara tafiyarta a hankali kamar mai zuwa unguwa, na rungume hancin tana ja na har sai da wani maƙwabci ya jefa dutse ƙarƙashin taya. Bayan waigi sai daidaitawa, gefe da gefe da katako a ƙarƙashin taya, gaba da baya da 'yar tayar hanci, ƙafafun kusurwa kuma na hana girgiza ne kawai, ba jak ba ne, in ka ɗaga ta da su za su lanƙwashe. In firjinka irin mai aiki da gas ne to daidaiton nan dole ne, a karkace ba ya sanyi kuma lalacewa yake.

Wuta kar ka sa rai da yawa. Batir mai bolt 12 da amp 100 in na gargajiya ne rabinsa ne naka, kana yawan shanye shi ƙasa da haka zai mutu da wuri, na litiyam ya fi juriya da sauƙin nauyi amma da tsada. Fitilu, cajin waya, 'yar fanka, famfon ruwa, waɗannan zai riƙe, da faifan sola ɗaya a sama muna kwana uku lafiya in akwai rana. Hita da ketil da AC kuwa sai inda akwai wutar da za ka jona.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau tunda da yara za ka tafi. Komai sanyi kar a kunna risho ko murhun gas ko gawayi a ciki don jin ɗumi, kuma janareta ya yi nesa da taga. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, a ɗaki ƙarami irin wannan cikin barci take kashe mutane. Ka sayi na'urar da ke ƙara in ta ji ta, ka bar ramukan shan iska a buɗe ko da kana ganin sanyi suke shigo da shi. Dama in kun rufe ko'ina ku huɗu da safe za ka ga bango da taga na zufa, numfashinku ne, shi ke jawo fumfuna a ƙarƙashin katifa.

Tunda na ambaci laima, in ta hannu za ka saya hancinka ya riga idonka shiga. Ka ji warin rima to ka yi hankali. Danna kusurwoyi da gefen tagogi da kewayen ƙofar rufi da yatsa, taka ko'ina a daɓen, inda ya lotsa ruwa ya riga ya ci katakon ciki, kuma gyaransa yakan fi ƙarfin abin da ka rage a ciniki. Fenti da labule masu kyau kar su ruɗe ka.

Sai maganar ku huɗu. Masu siffar ɗigon hawaye ɗin nan da suka yi tashe a Amurka tun shekarun 1930 suna da kyau a hoto kuma ba nauyi, amma gadon mutum biyu ne kawai da wurin girki a baya ta waje, ba za su yi muku ba sai in za ka haɗa da tanti. Mu rumfar da ake maƙalawa a gefe ce ta cece mu, nan ake zama nan ake ajiye takalma, ciki na barci ne kawai. Ranar da aka wuni ana ruwa kuwa sai haƙuri, yara biyu a wurin da bai fi tabarma uku ba, ka san sauran. Shi ya sa in da hali ka yi hayar irin wadda kake so na kwana biyu tukuna, in ka saya kuma daren farko ku kwana cikinta a ƙofar gida da takarda da biro, duk abin da kuka shiga gida kuka ɗauko a rubuta, abin da ba a taɓa ba kuma a sauke shi.

Ka turo min lambobi biyun nan na littafin motarka da hoton farantin tirelar da kake zawarci, da kuma ko giyarka ta hannu ce ko otomatik, sai mu yi lissafin tare a nan kowa ya gani.