Dillalin Mota a Karkara da Son Tsere: Suna Haɗuwa Kuwa?

Tambaya: Ina sayar da motoci, sababbi da na hannu, a wani ƙaramin gari na manoma, da gareji a bayan wurin. Tun ina yaro nake son tseren mota, yanzu har na fara gyara wata tsohuwa don in shiga gasa. Abokan sana'a sun ce zan karya jarina, ni kuwa ina ganin talla ce. Me za ka ce?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi tserenka, amma kada ka rubuta shi a littafin talla.

Ba kai ne farau ba. Juan Manuel Fangio makanike ne a Balcarce, ƙaramin garin manoman dankali a Ajantina. Mutanen garin ne suka yi karo-karo suka saya masa Chevrolet, ya ci babban tseren Buenos Aires zuwa Lima ta ƙasar Peru da dawowa a 1940, daga baya ya zama zakaran duniya na Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, sau 5 tsakanin 1951 da 1957. A Amurka kuma, Rick Hendrick ya fara ne da ƙaramin wurin sayar da Chevrolet a Bennettsville, sannan ya kafa ƙungiyar tserensa a 1984. Har maganar nan ta "ka ci tsere ran Lahadi, ka sayar ran Litinin" ana danganta ta ne da wani dillalin Ford, Bob Tasca.

To amma ka dubi wanda ke shigowa wurinka. Manomi ne mai neman a-kori-kura da za ta jure gargada da nauyin kaya. Ba ruwansa da kofin da ka ciwo. Abin da yake tambayar kansa shi ne: in ta tsaya mini a tsakiyar girbi, zan same ka? Akwai kayan gyara? A ƙaramin gari mutum ɗaya za ka sayar wa mota yau, ka sayar wa ɗansa bayan shekara 10, kuma labarin cuta ɗaya ya ishe ya zaga gari kafin dare. Amana ce hajarka.

Inda tsere zai amfane ka da gaske shi ne gareji. Makaniken da ya saba shirya motar gasa yakan koyi ɗaure kowane noti daidai ƙa'ida, ya gane matsalar birki ko ta giya daga sauti, ya daina aikin "haka ma ya yi". Wannan hannun ne zai taɓa motar kwastoma ran Litinin, kuma a sana'armu gyara da kayan gyara sukan riƙe dillali lokacin da ciniki ya ja baya.

Haɗarin da abokanka ke hangowa ba ƙarya ba ne. Kuɗin dillali a kwance suke cikin motocin da ke fili, sau da yawa ma bashi ne mai hauhawa kowane wata. Tsere kuwa cin kuɗi yake ba ƙaƙƙautawa: tayoyi, birki, sake ɗaura inji, tirelar ɗaukar mota. Inshorar da aka saba ba ta ɗaukar ɓarnar filin gasa, garantin kamfani ma haka. Saboda haka ka ware wa tsere asusunsa daga ribarka ta ƙashin kai, ka yanke adadinsa tun farkon shekara. Ranar da ya ƙare, ka ajiye motar. Kuma kada motar sayarwa ta taka filin gasa, ko sau ɗaya.

Wanda nake so ka fi tunawa shi ne Roger Penske. Direban tsere ne gwani a Amurka, amma a 1965 ya ajiye tuƙin gasa don ya riƙe wurin sayar da Chevrolet a Philadelphia, ya koma mai ƙungiya yana sa wasu a kujerar direba. Idan wurinka ba zai buɗe ba ranar da kake kwance da karaya, ka yi tunani a kan wannan hanyar.

In kuwa kai za ka tuƙa, to a filin da aka keɓe, da lasisin gasa, ba a kan titin jama'a ba. Ka fara kashe kuɗi a kan kejin ƙarfe na cikin mota, hular kwano, rigar da ba ta kama wuta da abin tallafe wuya, wanda NASCAR, hukumar tseren motoci a Amurka, ta wajabta a 2001 bayan rasuwar direba Dale Earnhardt a tseren Daytona. Ƙarin ƙarfin inji ya jira sai an gama da waɗannan.