Ni AS, shi ma AS: da gaske ɗaya cikin huɗu ne kawai zai zo da sikila?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An sa ranar aurena, sai gwaji ya nuna ni AS ce, shi ma AS ne. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Goggona ta ce in kwantar da hankalina, wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kaɗai ke zuwa da sikila, in muka tsaya a uku mun tsira. Ta ba ni misalin ƙawarta, ita da mijinta duk AS, 'ya'yansu biyar babu mai ciwon. Don Allah gaskiya ne? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya yaye miki damuwa, 'yar'uwa. Goggonki ta ji lissafin daidai, wajen fassara shi ne ta kauce, kuma da wuya mako ya wuce ban ji wannan magana a asibiti ba.

Ɗaya cikin huɗun nan lissafin taron jama'a ne. In aka tara jarirai 1,000 da iyaye AS da AS suka haifa, za a samu kusan 250 SS (masu sikila), 500 AS (masu ɗauke da ƙwayar gadon ciwon amma ba su da sikila), 250 AA (waɗanda ba su gaji ƙwayar ba sam). To ke ba jarirai dubu za ki haifa ba, kuma mahaifa ba ta san cikin bara da me ya zo ba. Ki ɗauka goro huɗu ne a ƙwarya, uku farare ɗaya ja. Duk cikin da kika samu, ido rufe za a ɗauki ɗaya, sannan a mayar da shi. A mayar fa. Jan goron yana nan a ɗauka ta farko, yana nan a ta biyar. Zai iya fitowa sau biyu a jere, zai iya ƙin fitowa sam.

Ga yadda abin yake faɗawa gidaje. Cikin gidaje 100 irin naku, kowanne da 'ya'ya huɗu, kusan 32 ba za su ga sikila ba, 42 za su samu yaro ɗaya, 26 kuwa biyu ko fiye. Dabarar tsayawa a uku? Kusan gidaje 58 cikin 100 za su samu aƙalla yaro ɗaya mai ciwon. Ƙawar goggonki ba ƙarya ta yi ba, irinta kusan 24 ne cikin 100 a masu 'ya'ya biyar. Sai dai ita ake ba ki labari. Matar da ke kwana a ɗakin yara da biyu a gado, ɗaya ana ƙara masa jini, ɗaya yana kukan ƙashi, ba ta da lokacin zuwa biki ta ba da nata.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa "tunda na fari ya ɗauke, ukun da ke tafe lafiya lau." Da wannan zance ake ƙarfafa wa iyaye gwiwa, sai na biyu ya kai wata shida hannu da ƙafa su kumbura, a dawo ana cewa likita ya yi ƙarya. Likita bai yi wa kowa alkawarin layi ba. Babu ciwon ɗan fari, babu na auta, babu ruwansa da mace ko namiji.

Sai kuma masu lasifika a kasuwa da ke sayar da jiƙon da wai ke mayar da AS ya koma AA. Ƙarya ce tsagwaronta. Ko dashen ɓargo da ke warkar da wasu masu SS ba ya canza abin da mutum zai gadar wa ɗansa, balle saiwa a jarka. In sakamako ya canza, ko dai an yi kuskure a ɗakin gwaji, ko an yi wa mutum ƙarin jini kwanan nan, ko an sayi takarda. Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, amma wanda ya kai wa liman takardar boge, liman kaɗai ya yaudara, jininsa na nan yadda yake.

Ku sake gwajin tare a babban asibiti, ku ce wanda ke tantance AA, AS ko SS kuke so, don gwajin sikila na gaggawa ba ya bambance AS da SS. In ya tabbata, ku je asibitin masu sikila ranar da suke ganin likita, ku zauna da iyayen yaran ku ji daga bakinsu, kuma ki tafi da goggon. Ni shawarata a haƙura tun ba a ɗaura ba, amma hukuncin naku ne. In kun zaɓi auren, duk jaririn da kuka haifa a gwada shi da wuri, kada a jira sai ya fara ciwo. Rigakafi a kan lokaci, gidan sauro, folik asid, fenisilin da maganin haidiroksiyuriya suna rage wahalar ƙwarai in an fara su a hannun likita.