Dattijon nan James Hong ne, ga kuma yadda irinsu ke cin abinci

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambayi sunan dattijon nan mai kama da 'yan Chaina da kake yawan gani a finafinan Amurka, da yadda mutum zai daɗe a harkar alhali ba jarumi ba ne. Bisa kwatancenka, James Hong ne.

Ba'amurke ne, an haife shi a Minneapolis a 1929, iyayensa 'yan asalin Chaina. Injiniyan gine-gine ne a karatu, ya yi aikin hanyoyi a gundumar Los Anjalis kafin ya ajiye ya rungumi fim a shekarun 1950. Fitowarsa ta haura 600 idan aka haɗa da aikin murya. Shi ne muryar dinyar nan, uban jarumin fim ɗin mai suna Po, a Kung Fu Panda.

Irinsu ba sa ɗaukar nauyin labari. Kamar dai waɗanda kullum ake kira su fito a uba ko boka ko mai unguwa a finafinanmu. A talbijin ɗin Amurka abin hawa-hawa ne. Akwai mai layi biyu ko uku, a biya shi kuɗin yini. Sama da shi akwai baƙon kashi, wanda labarin wannan makon ya rataya a kansa. Kashi mai awa ɗaya kan ci kwana takwas ana ɗauka. Sai mai dawowa lokaci-lokaci, sai kuma ɗan gida da ke cikin kowane kashi. Shi kaɗai ke da kuɗi tsayayye, amma kwantiraginsa kan ɗaure shi shekara shida ko bakwai, kamfani kuma na iya sallamarsa a ƙarshen kowane zango.

Hong ya fi daɗewa a matakan tsakiya. A shirin Kung Fu na 1972 zuwa 1975 ya fito sau da dama, a matsayin mutane daban-daban, haka ma a Hawaii Five-O. A nan matsalar take: fuskar da ke kawo maka aiki ita ce ke tauye ka. Shekaru da yawa abin da ake ba shi bai wuce mai gidan abinci, bawa ko mugu ba, babban matsayin kuwa a ba Bature a yi masa kwalliya. A shirin Charlie Chan na 1957, Bature ne ya fito a ɗan sandan cikin, wanda ɗan asalin Chaina ne a labarin, Hong kuma ɗansa. Wannan ne ya sa shi da ɗan wasa Mako da wasu suka kafa ƙungiyar wasan daɓe ta East West Players a 1965.

Batun kuɗi kuwa, kada yawan fitowa ya ruɗe ka. Wakili na cire kashi 10 cikin 100, manaja ma ya yanki nasa, ga haraji, sannan a yi wata da watanni ba kira. Abin da ke riƙe su shi ne ladan maimaici: duk lokacin da aka sake haska shirin, a turo ɗan abin da ya samu, yana raguwa a hankali. Mai fitowa ɗaruruwa, ƙananan cak ɗin nan suna taruwa su zama abin kirki. Ko inshorar lafiya ta ƙungiyarsu, SAG-AFTRA, sai ka samu dala 26,470 a shekara bisa ma'aunin 2023, kuma mafi yawan mambobi ba sa kaiwa. Manhajoji irin su Netflix sun daɗa tsananta lamarin, domin zango ya sauko daga kashi 22 zuwa 8 ko 10, ladan maimaicin ma ya kankance. Yana cikin dalilan yajin aikin kwana 118 da suka yi a 2023.

A ganina an makara wajen karrama shi: sai 2022, yana da shekara 93, aka sa masa tauraron karramawa a titin Holiwud, shi ma bayan ɗan wasa Daniel Dae Kim ya jagoranci tara kuɗin. In kana son ganin gwanintarsa, nemi kashin Seinfeld na 1991 da aka yi gaba ɗaya a gidan abincin 'yan Chaina. Shi ne mai tarbar baƙi, layinsa kaɗan ne, amma shi ke juya jaruman har shirin ya ƙare ba su samu tebur ba.