Amsoshin Tambayoyinku: Ɗab'i, Ƙaddamarwa da Kwalayen Ƙarƙashin Gado

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon duk na marubuta ne da masu son zama marubuta, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wani malamin makaranta daga Funtuwa: Mai maɗaba'ar da zai buga mini littafi ya ce in ƙara kuɗi ya sa mini lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga cikin waɗanda yake da su. In biya?

Malam, fara tambayarsa inda ya samo ta. A Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke ba da lambar nan, kuma kowace lamba ta littafi ɗaya ce. Na taɓa riƙe littafin girke-girke da na waƙoƙi masu lamba iri ɗaya, an kwafo an manna kawai. In bai nuna maka takardar shaida ba, je ka nema da kanka. Bayan littafin ya fito kuma doka ta ce ka kai musu kwafi uku.

Wani matashi daga Kano: Na kammala littafina na farko, ina da naira dubu 800 da na tara. Abokaina sun ce in buga kwafi 2,000, in kama ɗakin taro a yi ƙaddamarwa, manya za su zo su mayar mini da kuɗina har da riba. Me kake gani?

Ƙanena, cikin abokan nan naka akwai wanda ya taɓa sayen littafi da kuɗinsa? Ina tambaya ne don ni ma irin wannan shawarar aka ba ni, na kuma ɗauka. Na kama ɗakin taro, na buga katin gayyata mai ruwan zinare, na sayi lemo da ruwan roba, na sallami mai hoto da maroƙa. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, wakili ya turo. Wakilin ya karɓi lasifika ya ce maigidansa ya sayi kwafi goma a kan rabin miliyan, aka yi ta tafi har ƙwalla ta zo mini. Na yi sintiri a ofishin nan har maigadi ya daina tambayar sunana, sisi ban gani ba. Abin da ya shigo hannuna a ranar, na cikin ambulan, ko kuɗin kujeru bai biya ba.

Littattafan kuwa suka koma ƙarƙashin gado, kwali kan kwali. Damina biyu suka yi. Ran da uwargida ta matsa na jawo na ƙasan, gindin kwalin ya zauna a wurin, gara ta gina gida tun daga babi na ɗaya har na bakwai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muka mai da ƙaddamarwa tamkar biki, ana cin bashi don a burge mutanen da ko bangon littafin ba za su buɗe ba. Lissafin kwafi dubbai lissafin shekarun 1990 ne, lokacin da dillalan Sabon Gari ke kwashe littafi na ɗaya suna tambayar na biyu, masu ba da haya a unguwanni suna saye, 'yan mata suna karɓa hannu zuwa hannu. Yau masu karatun nan suna cikin waya. Dillalin da ya rage zai karɓa ne a kan sai an sayar, kai da kuɗinka kuwa sai ka yi ta jele. Mai maɗaba'a zai ce maka in ka buga da yawa kowane kwafi ya fi araha. Gaskiya ya faɗa, amma shi an biya shi ya gama, kai ne za ka kwana da kaya.

Ga yadda zan kashe kuɗin da ni ne kai. Kaso na farko na mai tace rubutu ne, wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa, ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, ba zai bar maka ƙ da ɗ da ɓ babu ƙugiya ba. Sannan ka buga 100 ko 200, yanzu akwai injinan da ke buga kaɗan kai tsaye daga kwamfuta. Kada ka biya duka sai an ba ka kwafin gwaji. Ɗaga shafi ka duba a hasken rana, in rubutun baya yana leƙowa to takardar ta yi shara-shara, ka nemi mai giram 70 ko 80. Buɗe shi sosai ka ga ko gam ɗin zai saki. Ran ɗauka ka ƙirga a gabansu, domin kwalin da aka ce 50 ne ya sha zama 46. Tunda a Kano kake, leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ka ji sharuɗɗansu tun kafin ka kai aiki. Talla kuwa, je zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA ka karanta babi guda, ka kai wa masu shirin adabi a rediyo kwafi, ka sa ɗanɗano a Facebook. Ragowar kuɗin ka ɓoye, bugu na biyu zai neme su in Allah ya sa na farko ya ƙare.

Wani ɗalibi daga Zariya: Na ga tallan aji a WhatsApp, naira 5,000, za a koya wa mutum rubuta littafi cikin sati biyu. Ni dai karatu yana gundurata, amma ina son a san ni a matsayin marubuci.

To, kana son sayar da tuwo amma ba ka taɓa ci ba. Riƙe dubu biyar ɗinka. A Zariya kake, garin da aka shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, garin kamfanin buga littattafai na NNPC. Nemi littattafai goma ka karance su, sannan ka sake rubuto mini.

Wata 'yar'uwa daga Gusau: Ina sayar da littafina a WhatsApp naira 500. Wata ta biya ta watsa shi a wasu zaurukan, yanzu har wani yana karanta shi a YouTube ba da izinina ba. Kwana biyu ina kuka, da kuɗin nake biya wa yarana makaranta. In daina rubutu?

Haba ƙanwata, share hawayenki, ba ki yi laifin komai ba. Na san daren da kika raba kina dannawa da babban yatsa bayan yara sun yi barci. Kada ki daina. Mai YouTube ɗin ya fi sauƙin kamawa: akwai fom na ƙorafin haƙƙin mallaka a shafin, kyauta ne, kuma tashar da aka kama sau uku tana iya rufuwa, shi ya sa da yawansu da sun ji an shigar da ƙorafi suke neman sulhu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta haɗa da abin da aka sa a intanet. Ki adana shaidar ranar da kika fara sakin kowane babi.

Wadda ta watsa kuwa, gaskiya ba za ki iya toshe wannan ƙofar gaba ɗaya ba. Rage ɓarnar za ki yi: ki riƙa saki babi-babi, kada ki tura cikakken littafi a dunƙule. Duk manhajar da za ki sa littafinki, ki riƙe asalinsa a imel ɗinki, domin OkadaBooks ma da girmanta ta rufe a 2023. Ki kuma gwada gajeren labari sabo ki aika gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara yi wa mata a 2016. Ba a biyan kuɗin shiga, don haka duk wanda ya ce ki turo kati ya shigar da ke, toshe lambarsa.