Na taɓa kuɗin zumunta, anya Allah yana ƙaunata har yanzu?

Tambaya: Baba Fasto, ni ce ma'ajiyar Zumuntar Mata a wata ikilisiya a Billiri. Bara waccan da damina, da hatsi ya ƙare mana, na ɗebi kuɗin zumunta na biya wa ɗana kuɗin makaranta, da niyyar in mayar da kaka. Har yau ban mayar ba, ba kuma wanda ya sani. Na yi kuka, na yi azumi, amma ranar Jibin Ubangiji, da ake raba gurasa don tunawa da mutuwar Almasihu, sai in bar faranti ya wuce ni. Anya Allah yana ƙaunata har yanzu?

Amsa: 'Yar'uwata cikin Almasihu, yana ƙaunarki, ba kuma hawayenki ne suka sayo wannan ƙauna ba. Bulus ya gaya wa Romawa a sura 5 aya 8 cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ranar da kika buɗe jakar nan, Allah yana kallo, amma bai janye abin da ya yi a kan gicciye ba.

Sai dai ba zan shafa miki mai a baki ba. Abin da kika yi cin amana ne. Kuɗin nan na gwauraye ne da masu sayar da ƙosai, kowa ta kwance bakin zane ta bayar. Talauci ya matsa miki, na yarda, amma bai mai da haram halal ba.

Dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, cikin Luka 19. Yesu ya ce zai sauka gidansa tun mutumin yana bisa itace, bai furta kalmar tuba ko ɗaya ba. Sai da ƙaunar ta shiga gidan Zakka ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Mu kan so mu juya abin, mu fara biya sannan mu zo. Yahuza ma, almajirin da ya ci amanar Yesu, ai ya mayar da azurfa 30 da aka biya shi, amma bai koma wurin Ubangijinsa ba, baƙin ciki ya hallaka shi. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, ya yi kuka mai zafi, aka sake danƙa masa kiwon tumaki.

To me ya sa zuciyarki ba ta kwanta ba? A ganina, kin faɗa wa Allah gaskiya, alkawarin 1 Yohanna 1:9 kuma naki ne: in mun furta zunubanmu, zai gafarta mana. Amma duk ranar taro kina karanta wa mata lissafin da kin san ba daidai ba ne. Wannan ƙaryar ce ke sabunta ciwon, azumi kuwa ba ya maganinta. Littafin Firistoci sura 6 ya yi magana kan mai ha'inci a ajiya: ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ban ɗora miki ƙarin nan dole ba, amma uwar kuɗin sai ta koma.

Cikin makon nan ki je wurin uwar zumunta ko Mama Fasto, wadda kika fi amince wa riƙon sirri. Ki rubuta adadin a takarda, ki faɗi yadda za ki biya, ko da kaɗan-kaɗan ne, ko buhun masara bayan girbi. Ki miƙa littafin ajiya har ki gama. Mai yiwuwa dattawa su sa ki ƙarƙashin horo na ɗan lokaci; ki karɓa, ba kora ba ce. Ku kuma shugabanni, ku daina barin kuɗin jama'a a hannun mace ɗaya da yara ke kuka a gidanta, a buɗe asusu a banki da sa hannun mutum biyu.

Batun Jibi, ki tattauna da fastonki bayan kin yi wannan magana, shi zai gaya miki lokacin da za ki koma ci.