Amsa ga maman yaron da aka mayar daga wurin tekwando

Assalamu alaikum. Maman yaro, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. Kin ce ɗanki shekararsa biyar, bakinsa bai buɗe sosai ba, kuma a asibiti an ce miki alamun otizim ne, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Kin kai shi wurin koyon tekwando a nan Damagaram, ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu, malamin ya ce ki tafi da shi tunda ba ya jin magana. Kina tambaya ko ki haƙura.

Kada ki haƙura tukuna. Yadda kika bayyana abin, shigar ce ta yi masa yawa. A rana ɗaya ya haɗu da sabon wuri, baƙin fuskoki, yara rututu, ga ihun nan da ƴan tekwando ke yi baki ɗaya duk lokacin da suka kai naushi ko shuri. Yara da yawa masu otizim ƙara tana yi musu ciwo a kunne, ciwo na gaske. Toshe kunnen da ya yi bayani ne yake yi miki. In dai wurin rufe yake da kwano da daɓen siminti, amon ya ninka.

Kafin komai, ki koma wurin likitansa, ko sashen yara na babban asibitin Zinder, ki tambaye shi kai tsaye ko akwai wasan da bai kamata yaron ya yi ba. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu otizim, don haka in ya taɓa faɗuwa ko kina ganin yana ƙamewa ya kafe ido, ki faɗa. Mai farfaɗiya yana wasa, amma malami ya sani: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ba shi ruwa sai ya dawo hayyacinsa sarai, kuma in ta wuce minti 5 asibiti za a nufa. Iyayen da ƴaƴansu ke da lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita tana jinkirta girmansa da koyonsa, su ma su ji wannan: a duba zuciya, a kuma tambayi likita kan wuya kafin yaro ya fara alkafura ko sa wa ƙwallo kai, don wasunsu gaɓar wuyansu sako-sako ce.

Sai zaɓen wuri. Tun da ɗan tekwandon Nijar Alfaga ya ciyo lambar azurfa a wasannin Olympics na Rio a 2016 iyaye suka raja'a kan tekwando, kuma ba laifi, wasa ne mai tsari: layi ɗaya, gaisuwa ɗaya, motsi iri ɗaya kullum, abin da irin waɗannan yara suka fi natsuwa da shi. Ya fi ƙwallon ƙafa sauƙi a farko, inda yara ke ruguguwa kan abu guda babu mai jiran wani. Amma malamin ya fi wasan muhimmanci. Ki je ke kaɗai ki zauna ki kalli darasi daga farko har ƙarshe. Ki duba yadda yake yi da yaron da ya fi kowa jinkiri. In bulala ce ko tsallen kwaɗo, ko ya sa sauran su yi masa dariya, ki nemi wani wuri, ko da shi ne ya fi kusa da gida. Ki ƙirga yaran: ƙasa da goma ya fi. Ki dubi ƙofa, shin a rufe take ko tana buɗe kan titi inda ƴan kabu-kabu ke wucewa? Yaron da ya firgita gudu yake yi, ba ya duba hanya. Ki tambaya a MJC, gidan matasa da al'adu, da wurin malaman wasanni na lakol, su suka san masu karɓar ƙananan yara. Ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, FNPH, ita ma wurin tambaya ce.

In kin samu wanda hankalinki ya kwanta da shi, kada ki cika shi da sunan lalura. Abu huɗu zai riƙe: abin da ke tayar wa yaron hankali, alamar da yake nunawa kafin ya ɓalle, abin da ke kwantar da shi, da yadda ake ba shi umarni. Na ƙarshen nan ne ake yawan kuskurewa. A kira sunansa, a faɗi kalma biyu ko uku, "ɗaga ƙafa", a nuna da jiki, sannan a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Malamai sukan maimaita nan take da ƙarfi, su sake kalmomin, sai yaron ya koma fassara daga farko, a ce ya yi kunnen ƙashi. Kuma kada a tilasta masa kallon ido, yana ji ko da kansa na gefe. Kada a kama masa hannu ko kafaɗa ta baya ba a sanar da shi ba.

Shigar kuma a yi ta daki-daki. Zuwan farko ku je lokacin da babu kowa, ya zagaya, ya taɓa bango, ya ga makewayi, ya gaisa da malam, minti 10 ku fito. Ki ɗauki hotuna da wayarki: ƙofar, malamin, inda ake ajiye takalma, inda zai tsaya. A gida ki riƙa nuna masa su a jere, da hoton gida a ƙarshe, don ya san abin yana da ƙarewa. Zuwa na biyu ku tsaya daga bakin ƙofa ya kalli yara. Na uku ya shiga motsa jikin farko kawai, minti 10 zuwa 15. Daga nan a riƙa ƙara minti biyar-biyar in ya ɗauka. Wurin tsayuwarsa ya zama ƙarshen layi ta wajen ƙofa, a zana masa da'ira da alli a ƙasa, kullum nan. Kalmar "ka tsaya a layi" ba ta da iyaka a wurinsa, amma da'ira yana ganinta.

Ga inda abin ke lalacewa, ki kula da shi sosai. Ki fitar da shi tun yana cikin daɗi, kafin ya fashe. In kullum sai ya yi kuka ake tafiya gida, cikin ƴan kwanaki zai gane kuka ne mabuɗin ƙofa, kuma lokacin kukan zai riƙa matsowa har ya fara tun daga kan babur. Maimakon haka ki koya masa alamar hutu, ko ɗaga tafin hannu ko nuna tabarma. A shimfiɗa ƴar tabarma a inuwa nesa da hayaniya. Da ya yi alamar a bar shi ya je, minti biyu ko uku, ya dawo ya yi abu ɗaya mai sauƙi da ya iya, sannan a tashi. A farko zai yi ta neman hutun fiye da kima. Ki ba shi, hakan zai ragu da kansa in ya tabbata ba a hana shi. Batun ihun kuwa, ki ɗauki sautinsa a waya ki riƙa kunna masa ƙasa-ƙasa a gida, shi ne zai danna da hannunsa. In ya yarda da abin toshe kunne ko hula mai rufe kunnuwa, ya sa.

Kada ki yi gaggawar sayen farar rigar wasan. Yadinta da ƙarfi, wuyanta na kartar fata, yara da yawa saboda ita kaɗai suke ƙi. Ya fara da kayan da ya saba. In kun saya, a wanke ta sau biyu ko uku, a yanke takardar wuya, ya sa ta a gida tukuna. Haka tsayuwa ba takalmi: ki taɓa daɓen da tafin hannunki, don a watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, siminti yana riƙe shi har yamma. Darasin bayan la'asar sakaliya ya fi. Ki ba shi ruwa kowane minti 15 ba sai ya nema ba, tunda ba lallai ya iya cewa yana jin ƙishirwa ba. Ya ci wani abu ya zaga kafin ku fito.

Wa zai tsaya kusa da shi? Sau da yawa yayansa ko ɗan ƙanwarki mai shekara takwas zuwa goma ya fi ki amfani, don yana yin motsin a gefensa shi kuma yana kwaikwayo. Ke ki zauna inda zai hango ki, kowane mako ki ƙara ja da baya. Sauran yaran a gaya musu a taƙaice: ƙara na damunsa, yana koyon magana, in ya je tabarma a ƙyale shi. Iyaye ne ma suka fi wuyar sha'ani, za ki ji mai cewa iska ce, wani ya janye ɗansa. Ki bar malamin ya faɗa da bakinsa cewa ba a ɗaukar wannan lalura, daga gare shi an fi karɓa.

Ki ba abin zuwa shida ko takwas, rana ɗaya da lokaci ɗaya, kafin ki yanke hukunci. Abin dubawa ba iya shuri ba ne. Ya shiga ƙofa da ƙafarsa? Ya tsaya a da'irarsa? Ya yi alamar hutu maimakon ihu? In kuwa barcinsa ya rikice, ya koma fitsarin kwance, ko yana cizon hannunsa duk ranar zuwa, ku dakata mako biyu ku koma matakin kallo daga ƙofa. In an sake gwadawa abin bai sauya ba, a juya zuwa zane ko ginin laka da yara biyu ko uku a tsakar gida, da irin wannan tsari na hotuna da tabarmar hutu. Kuɗin wata kuma ki roƙi malamin ku fara biya sai yaron ya kai rabin darasi.